Gona ɗaya, masu ita uku: Yadda ake zaman dukiya da tsaro a fadamar Haɗejiya

A ƙauyukan da ke bakin Kogin Haɗejiya, fili guda kan sauya kama sau uku a shekara. Da damina gonar shinkafa ce. Idan ruwa ya yi yawa ta koma tafki, masunta su shigo da koma da birgi. Da kaka kuma makiyayi ya iso da garkensa yana neman abin da aka bari.

Kowanne a cikinsu yana ganin yana da haƙƙi a wurin, kuma a bisa al'adar da aka gada duk suna da gaskiya. Rigimar da ake yawan ji daga Guri da Kirikasamma tushenta ke nan: lokacin wancan ya fara shiga cikin lokacin wannan.

Ruwan da ake sarrafawa daga Kano

Ruwan da ke shayar da fadamar daga Jihar Kano yake fitowa. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su bi ta Wudil da Ringim su iso Haɗejiya, daga nan ya rarrabu zuwa rassa, ciki har da Marma da ke nufar Nguru, kafin abin da ya rage ya haɗu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, halin kogin ya sauya. A da yakan cika ya batse da damina, ya janye da rani har a taka yashi a tsallake. Yanzu akwai ruwa a cikinsa kusan duk shekara saboda sakin da ake yi daga madatsun, waɗanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Wannan ruwa mara yankewa shi ya bai wa ciyawar kacalla wurin zama. Ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanyarsa ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Akwai magidantan da gonar gadonsu tana nan, kowa a gari ya san tasu ce, amma shekara da shekaru ba su sa mata fartanya ba domin kacalla ta fi tsayin mutum a cikinta. A cikin ciyawar ne kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su sauka a kan shinkafar maƙwabta. Shi ya sa idan shinkafa ta fara nuna za ka ga yara tun asuba a bakin gona da gwangwanaye da igiya suna kora.

Iyakar da ruwa ke sharewa

Mafi yawan gonakin ƙauye ba su da takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara, amma manomi ƙalilan ne ke zuwa nema. Shaidarsa ita ce maƙwabcin gona, da dattawan unguwa, da bulama ko dagaci. Iyaka kuwa kunya ce, ko layin gamba, ko wata bishiya da aka sani.

A tudu wannan tsari yana aiki. A fadama ruwa kan kwana wata biyu a kan gona, ya baje kunya, ya kashe gamba, ya zubo sabon yashi. Idan ya janye sai a koma neman iyaka da ƙwaƙwalwa, kuma taku biyar a fadamar da ake nomawa rani da damina ba abin yafewa ba ne. Yawancin irin wannan saɓani a zauren bulama yake mutuwa. Wanda ya gagara ya wuce wurin hakimi, wani har gaban alƙali.

Hanyoyin da gona ke sauya hannu sanannu ne: gado, aro, haya, jingina da sayarwa. Jingina ce ta fi yawa bayan shekarar ambaliya. Manomin da ya ci bashin taki da iri, ruwa ya cinye amfanin, yakan miƙa gonar ga mai kuɗi ya karɓi abin da zai ciyar da gida, a kan cewa ranar da ya biya za ta dawo. Sau da yawa ba a rubuta komai. Idan ɗaya daga cikinsu ya rasu, 'ya'yan wannan su ce jingina ce, na wancan su ce ciniki ne.

Mata ma suna da nasu kason. Shari'a ta ba 'ya mace rabin abin da namiji ya samu, matar mamaci kuma ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya. Sai dai a aikace gonar kan zauna a hannun yayyenta maza, a riƙa kai mata buhu ko kwano da kaka. Dukiyar da mace ke riƙe da ita a hannunta ta fi zama awaki, tumaki, kaji da kayan ɗaki, kuma su ne ruwa ke fara ɗauka.

Daren jinga

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba babu barcin kirki a garuruwan bakin kogi. Matasa kan raba dare, suna zagaya jinga da fitila suna duba inda ta fara tsatsa. Idan aka ga ɓaraka sai a yi shela a lasifikar masallaci, kowa ya fito da shebur da buhu.

A 2022 abin ya fi ƙarfin buhu. Ambaliyar shekarar ta kashe fiye da mutum 100 a Jigawa, ta yanke hanyoyi, ta mayar da makarantun firamare sansanin waɗanda suka rasa muhalli. A cikin garin Haɗejiya kansa an kwashe kwanaki ana cika buhunan ƙasa dare da rana don kada ruwa ya shigo. A ƙauyuka kuwa gidajen laka sun jiƙa daga tushe suka zube, wasu da rumbunansu.

Jinga tana da nata rikicin da ba a cika faɗa ba. Ruwan da wani gari ya tare, wani garin yake nufa. Don haka masu gadin jinga ba ruwa kaɗai suke tsaro ba, har da hannun da zai iya zuwa ya fasa ta cikin dare don ya ceci tasa gonar.

Gwamnatin jihar ta sayo injinan yashe kogi da ke aiki a kan ruwa, kuma inda suka bi an ga sauƙi. Amma kacalla ba ta mutuwa da sara ɗaya. Idan aka bar ta shekara guda ta dawo.

Kaka: lokacin da ake kwana a gona

Tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi mai sauƙi ce. A girbe, a kwashe, sannan shanu su shiga su ci kara da tattaka su bar taki. Har fura da nono da damin hatsi sukan shiga tsakani.

Noman rani ya rushe wannan jadawali. Da an yanke shinkafa a Oktoba ko Nuwamba ake gyara fili don alkama, wadda ba za ta tashi ba sai wajen Maris, ga albasa, tattasai da kankana. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya a Auyo, kuma a ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a yankin. Alheri ne ga manomi. Ga makiyayi kuwa, fadamar da ya saba sauka da rani ta zama kore shar amma ba ta shiguwa, burtali ya tsuke, mashaya ta koma bayan gonar wani. Tattakar da ake bari kyauta ma yanzu kuɗi ce.

Mutanen ƙauye sukan bambance Fulanin da suke zaune da su, waɗanda aka san rugarsu da arɗonsu, da baƙin garken da ke wucewa. Idan saniyar maƙwabci ta yi ɓarna, akwai wurin kai ƙara, a kimanta a biya. Garken da ya shiga da tsakar dare ya fita kafin asuba ba shi da adireshi, kuma fushin da ya bari kan sauka a kan rugar da ba ta san hawa ba balle sauka. Jihar tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya, masarauta ƙarƙashin Sarki Adamu Abubakar Maje kuma takan tara hakimai da arɗoɗi gabanin girbi. Taron yana rage zafi, sai dai bai ƙara faɗin fadama ko da taku ɗaya ba.

Sai kuma ƙaramar sata, wadda ba ta shiga labarai amma take karya gida. Injin ban-ruwa shi ne jarin mai noman rani, kuma mutum ɗaya zai iya ɗora shi a babur. Tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, masu hali sun koma injin sola, ɓarayi ma suka koma kan farantansa. Wasu kan kwance kayan kullum da magariba su kai gida, su dawo da su da asuba. Waɗanda gonarsu ke da nisa sukan kafa bukka su kwana a can cikin sanyin hunturu, ko maƙwabtan gona biyar ko shida su haɗa kuɗi su ɗauki mai gadi.

Ofishin 'yan sanda yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma da damina wasu ƙauyukan sai da kwalekwale ake isa gare su. Kafin jami'i ya zo, 'yan sintirin gari ne ke riƙe da dare, da sanda da fitila, ana biyan su da karo-karon da ake bi gida-gida ana karɓa, wani wurin da kuɗi, wani wurin da kwanon shinkafa idan an yi girbi.