Sinadaran jiki masu aiki irin na tabar wiwi

Jikin ɗan Adam yana haɗa wasu sinadarai da ke aiki a daidai wuraren da tabar wiwi ke taɓawa a ƙwaƙwalwa. Masana suna kiran su endokanabinoyid. A baibai aka gano su, domin baƙo aka fara sani kafin ɗan gida. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a Isra'ila, suka ware THC, sinadarin da ke bugar da mashayin wiwi. A 1988 kuma aka gano a Amurka cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wani gurbi da THC ke shiga, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Shi ne CB1. Na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki, an gano shi a 1993.

To, ba a ƙera kwaɗo don mabuɗin baƙo. A 1992, a ɗakin binciken Mechoulam da ke birnin Ƙudus, aka tsamo mabuɗin asali daga ƙwaƙwalwar alade, aka sa masa suna anandamid, daga kalmar Sanskirit mai nufin farin ciki. A 1995 aka gano 2-AG, wanda ya fi shi yawa a ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba.

Aikinsu na taka birki ne. Ƙwayar jijiya takan aika saƙo ga maƙwabciyarta. Idan saƙon ya yi yawa, sai mai karɓa ta haɗa sinadarin nan take daga maiƙon fatarta, ta mayar da shi baya, ya shiga CB1 na mai aikawa, ita kuma ta sassauta. Ba a tara shi a ajiye, kuma da ya gama aiki ake narkar da shi. Ta haka yake da hannu a jin ciwo, sha'awar abinci, barci da tunawa. THC kuwa ba shi da wannan ladabi: yakan mamaye guraben ko'ina lokaci guda, ya daɗe. Daga nan yunwa da mantuwar mashaya suke.

Taɓa wannan tsari sai da hattara. A 2006 Turai ta amince da rimonaban, maganin rage ƙiba mai toshe CB1. Ƙiba ta ragu, amma wasu masu shan sa suka faɗa cikin matsananciyar damuwa, har da tunanin kashe kai. A 2008 aka janye shi daga kasuwa.