Matan Babur Da Matan Amalanke

Yau zancenmu na tafiya ne, irin tafiyar nan da ake ɗaura wani abu a baya ana ja, ko amalanke, ko tirelar tarakta, har dare ya riski mutane a daji su kwana inda ba su yi niyya ba. Mu mutanen ƙasar Daura ba baƙin wannan al'amari ba ne. Da zarar an kawar da amfanin gona, bukukuwa suka kankama, ba ranar da za ta fito ta faɗi ba ki ga amalanke ko tarakta ya bi hanyar Zango, ko ta Ɓaure, ko ta Sandamu, an lafta masa gado da katifa da kabad da kwalla, mata da yara kuma sun ɗare bisa kayan suna guɗa.

Kai, ko sunan garin Zango ma ai na matafiya ne. Zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, a shayar da jakuna, mata su kafa murhu. Fataken da suka tafi Gwanja sayen goro sun kai kalmar har ƙasar Gana, inda har gobe unguwar Hausawa da sauran baƙi ake ce mata zango. Sarakunan Haɓe na Daura kuwa, bayan da garin ya fita hannunsu a wajen 1805 lokacin jihadi, sun yi ta yawo kafin su zauna a Zango a wajen 1825, ba su koma Daura ba sai a 1906, zamanin Sarki Malam Musa. Kun ji zangon da ya kai shekara tamanin.

To amma bari in fara ba ku labarin waɗansu mata biyu, Turawan Ingila, da suka ratso hamada da tirela a bayansu har suka iso ƙasar Hausa. Sunan ɗaya Theresa Wallach, shekararta 25 a lokacin, ta kuma karanci aikin injiniya a Landan. Ɗayar Florence Blenkiron, ta ɗan girme ta, gwanar tseren babur ce. Ran 11 ga watan Disamba, 1934, suka tashi daga Landan da nufin zuwa birnin Kef a can ƙarshen Afirka ta Kudu. Abin hawansu babur ne ƙirar Panther, an haɗa masa wani akwati mai taya ɗaya a gefe inda ɗaya take zama, ga kuma ƙaramar tirela a baya wadda suka zuba wa tanti da fetur da ruwa da abinci. Watau inji guda ɗaya tal, wanda aka yi don ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu, shi aka ɗora wa mata biyu da ɗakinsu da madafinsu.

Suka ƙetare teku suka sauka a Aljeriya, suka fuskanci kudu. Hukumomin Faransa da ke mulkin hamada a wancan zamani ba su so barinsu su wuce ba, sai da aka sha jayayya. Da suka shiga rairayi kuwa sai wahala ta ce salamu alaikum. Babur ya kafe a yashi, su sauka su tura, su yi gaba kaɗan ya sake kafewa. Maƙalar da ta haɗa tirela da babur ta karye musu a tsakiyar daji, inda babu mai walda balle kanti. Bayan wannan kuma, kafin su kai Agadas, injin kansa ya gaji ya tsaya. A Agadas suka yi zaman makonni suna jiran a aiko musu da kayan gyara, sa'an nan suka kwance injin suka sake ɗaure shi, suka ci gaba har suka shigo Nijeriya suka sauka a Kano. Daga nan suka yi gabas ta Cadi, suka ratsa Kwango da Uganda da Kenya, ba su shiga birnin Kef ba sai ran 29 ga watan Yuli, 1935, bayan tafiyar mil wajen 13,500 cikin wata bakwai da rabi.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan, 'yan uwa, shi ne da abu ya lalace ba su zauna suna tagumi ba, domin sun san sunan kowane ƙarfe da aikinsa. 'Yan makaranta ku lura da wannan. Yarinyar da ta ce tana son ajin kimiyya ko na sana'a, kada a yi mata dariya a ce aikin maza ne. Ita Theresa daga baya ta koma Amurka ta buɗe shagon sayar da babura da gyaransu, ta rasu a 1999 tana da shekara 90. Littafin da ta rubuta a kan tafiyar, mai suna The Rugged Road, ya fito a 2001.

Yanzu mu dawo gida. Abin da ya sami matan nan biyu a hamada shi ne yake samun 'yan kai amarya tsakanin ƙauye da ƙauye, illa dai namu ya fi muni, don mu mutane muke ɗorawa a kan abin da ake ja. Su kayansu kaɗai ke cikin tirela. Mu kuwa da gwaggon amarya, da ƙawaye, da mai goyo, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, duk muna bisa katifa, katifa tana bisa kabad, kabad yana bisa buhunan gara.

Duk abin da ake ja, rayuwarsa tana wuri ɗaya, watau inda aka haɗa shi da mai jansa. A tirelar tarakta wani ƙarfe ne kamar tsinin taɓarya ake zurawa ta rami, a ƙasansa kuma a sa wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai hana shi tsalle ya fita. Wannan ɗan ƙaramin shi ne ya fi saurin ɓacewa, in ya ɓace kuwa sai ki ga yaron tarakta ya lanƙwasa ƙusa ko waya ya cusa, ya ce ai ba nisa. Hanyarmu ga gargada, ga kwazazzabai da damina ta bari. Ana cikin tafiya ƙusar ta tsinke, ƙarfen ya yi sama, tarakta ya yi gaba, tirela ta tsaya ita kaɗai ko ta gangara baya, galibinsu kuma ba su da birki na kansu. Shi ya sa ake son a ƙara sarƙa mai kauri tsakaninsu, in ƙarfe ya ci amana sarƙa ta riƙe. Ba laifi ba ne uwar biki ta zagaya ta duba da idonta, ta ce, "Malam direba, ina sarƙar?" In ya ɓata rai, ya ɓata. Gara fushinsa na rabin sa'a da zaman makoki a gidan biki.

Sai kuma yadda ake jera kaya, wanda a nan ne hannunmu mata yake ciki dumu-dumu, don mu ne muke tsayawa a ka muna cewa a sa wannan nan, a sa wancan can. Abin da muka fi damuwa da shi kada madubin kabad ya fashe, kada tangaran su gogi juna, don haka sai a tura buhunan shinkafa da masara da galan-galan na man gyaɗa can ƙarshen baya, a bar gaba wa kayan ƙawa marasa nauyi. Wannan kuskure ne babba. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa, daidai bisa tayoyi, a ɗan karkata su gaba kaɗan. In nauyi ya rinjaya baya, tirela takan riƙa kaɗa gindi hagu da dama, tun tana yi kaɗan har ta fi ƙarfin direba, musamman in ya samu kwalta ya ƙara wuta. A amalanken shanu kuwa nauyin baya yakan ɗaga karkiya sama, igiya ta shaƙe wuyan sa, nauyin gaba in ya yi yawa ya danne masa wuya har ya durƙusa. Sa in ya ji an shaƙe shi ba ya shawara da kowa. Zabura zai yi, wadda ke zaune a gefe da ƙafafu a waje ita ce ta farkon faɗuwa.

Wani abin kuma, amalanke mai taya biyu in za a kwance shanu, a tabbata kowa ya sauka tukuna, an kuma sa dutse a tayoyi. Sau da yawa yara kan zauna a baya, ana kwance karkiya sai gaban ya yi sama, su da kayan su kife.

Tayoyin amalanke galibi tsofaffin tayoyin mota ne da suka gama aikinsu tun tuni, dajinmu kuwa ga ƙayar aduwa ga ta bagaruwa. Faci a kan hanyar kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ba abin damuwa ba ne, mutane na wucewa. Faci a hanyar ƙauye bayan la'asar sakaliya, babu famfo, babu abin ɗaga taya, shi ne mafarin kwanan daji. Mu kuwa mun san halinmu. An ce za a tashi da azahar, amma wannan tana neman ɗankwali, waccan tana jiran lalle ya kama, iyaye suna ta yi wa amarya faɗa tana kuka, ba za a motsa ba sai rana ta yi ja. Alhali kuwa amalanke ba shi da fitila, tirelar tarakta ma da wuya ki ga mai fitilar baya. In aka hau kwalta da duhu, mai mota da ya taho a guje ba zai gan ku ba sai ya zo gab. Ko tocila ce a ba wadda ke zaune a baya ta riƙa haskawa, a kuma ɗaura farin ƙyalle ko ledar nan mai walƙiya a ƙarshen kayan.

To in ƙaddara ta sa dole sai an kwana, a nan ne za mu ari dabarar iyayenmu matan fatake. Madugu ba ya sauke ayari ko'ina. Jagaba yakan riga kowa yin gaba ya duba wurin da ke da ruwa da tudu, ana kuma sauka tun da sauran rana, don a ga abin da ke ƙasa kafin a shimfiɗa tabarma. Mu ma abu na farko a ture abin hawan daga kan hanya, a sa ganye ko reshe can nesa ta gaba da ta baya don masu wucewa. Kada a kwanta a ƙarƙashin tirela ko amalanke don gudun raɓa, domin abin da aka tokare da itace yana iya zamewa, direba kuma yana iya tayar da inji da asuba bai leƙa ba. In da damina ne kada a sauka a cikin kwari ko busasshiyar ƙorama komai laushin yashinta, ruwan da aka yi a wani gari yakan iso da dare ba sallama. A nisanci jiɓa da gindin itacen da ke da kogo da tarin duwatsu, wuraren kunama ne da kububuwa. A share wurin daga ƙarangiya, a kakkaɓe takalmi da zane kafin a sa da safe. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau, a hana shi yawan motsi a nemi hanyar asibiti ko da a bayan babur ne.

Sanyin hunturu a filin Allah ba irin na cikin ɗaki ba ne, jarirai da tsofaffi su ya fi kamawa. Za a so a hura wuta, to a hura ta nesa da tarakta da galan ɗin mai da katifar soso, don katifar soso in ta kama ba a kashe ta da tafin hannu. Haka kuma kada a lulluɓe wuri da tamfol a shigar da garwashin gawayi ciki a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda take kashe mutum yana barci.

Su matan babur abin da suka fi tattali a hamada shi ne ruwa, har sun fi tattalinsa a kan abinci. Mu kuwa sai a tashi da alkaki da nakiya da dubulan daro-daro, amma ruwan sha buta ɗaya ce ta alwala. Mutum ashirin, rabinsu yara, in suka kwana suka wuni, ƙishi zai tura su ga kududdufi, daga nan sai gudawa. Jarka guda ta ruwa mai tsabta ba za ta hana gadon amarya shiga ba. A ƙulle ɗan sukari da gishiri a bakin zane, in yaro ya fara zawo a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ashana, tocila, bargo da igiya su ma a sa su inda hannu zai kai, ba can ƙarƙashin buhuna ba. Waya kuma a cika ta da caji tun a gida, a kuma sanar da gidan ango ta wace hanya aka biyo, don in shiru ya yi yawa su san inda za su nema.

Akwai wata al'ada da na ga waɗansu gidaje sun fara, ta kuma kwanta mini a rai. Kayan ɗaki sukan tafi tun jajibiri da hantsi, da maza biyu ko uku da 'yan jere kaɗan, a tarakta ko amalanke. Ran kai amarya kuwa sai a yi karo-karo a ɗauki motar haya, ko da sawu biyu za ta yi, masu goyo da tsofaffi su fara tafiya. Waɗansu za su ce ai armashin biki ke nan a ga amarya da kayanta sun shiga gari tare ana guɗa, a san 'yar gata ce. Gaskiya ne akwai armashi. Amma masu son ganin kaya ai ɗakin za su shiga su ƙirga kwalla ɗaya bayan ɗaya, ko da daren jiya aka kawo su.