Ƙwarya da Roba: Yadda Ƙaramar Sana'a ke Gogayya da Manyan Kamfanoni a Ƙasar Gummi

Hausawa kan ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Karin maganar ta yi daidai da halin da masu sana'ar ƙwarya suke ciki a ƙasar Gummi da maƙwabtanta a yammacin Jihar Zamfara, inda ake noman duma, a fafe shi, a fitar da masaki da ƙoƙo da ludayi. Abokan gogayyarsu a yau su ne masana'antun roba na unguwanni irin su Sharaɗa da Bompai a Kano.

Ƙarfin masana'anta yana cikin yawa. Inji ɗaya kan fitar da dubban kwanoni iri guda, don haka kuɗin da ake kashewa a kan kowane kwano yana raguwa. Duma kuwa sai an jira kakarsa, an busar, an fafe da hannu, sannan a yi dakonsa da lallami don gudun fashewa. Ga kuma matsalar tsaro da ta ƙuntata noma da zirga-zirga a yankin. Mai ƙwaryar da ya ce zai karya farashi don ya kamo roba, jarinsa zai karya.

A littafinsa na 1980, Michael Porter na Jami'ar Harvard ya kasa dabarun gogayya gida uku: sauƙin farashi, bambanta haja, da keɓe wani rukuni na masu saye. Ta farko ta manyan kamfanoni ce. Sauran biyun su ne mafitar mai ƙwarya.

Ta fuskar keɓewa, akwai wuraren da al'ada ta riƙe wa ƙwarya gurbi. Matan Fulani masu tallar fura da nono da yawa har yanzu ita suke ɗauka, kuma kiɗan ƙwarya na mata a gidan biki amonta yake buƙata. Ta fuskar bambantawa, mai zanen ƙwarya yana iya yi wa kowane mai saye adon da ya zaɓa, alhali inji ba ya sauya fasali saboda mutum ɗaya. Ana iya ƙarawa da sanayya: ɗan kasuwar gari ya san wanda zai ba bashi zuwa kasuwa mai zuwa, kamfanin da ke Kano kuwa dilansa kawai ya sani.

Haɗarin yana ga wanda ya tsaya a tsakiya, ya rage ingancin aiki don ya sauke farashi. Bai kai roba araha ba, ya kuma rasa mai neman ƙwarya mai kyau, ya yi biyu babu.

Lamarin ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Kalmomi irin su fafa da gyartai da jallo suna raye ne muddin ana yin aikin da suke nufi. Idan sana'ar ta bar kasuwa, sai a ƙamus za a riƙa neman su.