Zazzaɓin Damina da Ganyen da Ya Fito Daga Ƙasar Sin

Idan gero ya fid da kai, masara ta yi goyo, iyaye mata a ƙauyukan Fagam da Gwaram sun san abin da ke tafe: jikin yara zai fara zafi. Daga watan Agusta zuwa Oktoba da wuya a sami gidan da ba a kwantar da yaro ba. Kakanninmu sun daɗe da sanin wannan. Sun raba shekara zuwa bazara, damina, kaka da hunturu, sun kuma lura kowane lokaci da ciwon da yake zuwa da shi. Hunturu na kawo tari da mura da kaushi, bazara na kawo sanƙarau da ƙyanda, damina kuwa gudawa da zazzaɓi.

Ba mu kaɗai muka yi wannan lura ba. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun gina iliminsu a kan lokutan shekara. Suna da wani tsohon littafi mai suna Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, da ke koyar da cewa mutum ya sauya abincinsa da barcinsa da aikinsa bisa ga lokaci. A lokacin sanyi a kwanta da wuri, a rufe jiki, a rage wahala. A ƙarshen zafi, sa'ad da ruwa ya yi yawa, a kula da ciki. Babban abin da suka riƙe shi ne a tari ciwo tun bai zo ba. Wannan shawara ce mai kyau, kuma manomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kanta, domin ba a neman iri bayan ruwan shuka ya sauka.

Sai dai sanin lokacin ciwo daban, sanin sanadinsa daban. Tsofaffin likitocin Sin sun ɗora laifin zazzaɓi a kan zafin rana da muguwar iska. Mu ma a nan mukan ce yaro ya ci sabuwar masara ne, ko ruwan sama ya dake shi. Sai a shekarar 1897 wani likita ɗan Ingila, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Masara ba ta da laifi. Tana nuna ne daidai lokacin da ruwa ya kwanta a kududdufai da fadamu da ramukan da aka haƙa don yin tubali, sauro ya hayayyafa.

Duk da haka, daga cikin tsofaffin littattafan nan ne maganin da muke sha yau ya fito. A shekarar 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda kulorokwin ya daina aiki a kan sojojin da ke yaƙi a Biyetnam. Wata mace masaniyar magunguna, Tu Youyou, ta jagoranci ƙungiyar da ta tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. A cikinsu akwai wani ganye mai ɗaci da ƙamshi da suke kira qinghao, dangin tazargade. Sun dafa shi sun gwada, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Sai ta koma ga littafin wani likita mai suna Ge Hong, wanda ya rayu kimanin shekara 1,700 da suka wuce, ta ga shi jiƙa ganyen yake yi a ruwa ya matse, ba ya dafawa. Nan ta gane wuta ce ke lalata maganin. A 1971 suka tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. A 1972 suka ware sinadarin kansa, wanda ake kira atimisinin. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

Wannan sinadari ne ke cikin ƙwayoyin da ake ba mu a asibiti, irin su Coartem, tun da Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko a 2005.

To, me zai hana mu jiƙa tazargade mu sha, tun da ya fi araha? Muna jin wannan tambaya sau da yawa, kuma ba ta wauta ba ce. Amsar tana cikin labarin kansa. Yawan maganin da ke cikin ganye yana bambanta daga shuka zuwa shuka, tafasawa da ajiya kuma suna rage shi. Ba wanda zai iya auna abin da yaro ya sha a moɗa. Zazzaɓin na iya sauka kwana biyu, alhali ƙwayar cutar tana nan tana cin jini. Har ila yau atimisinin ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da magani na biyu da zai ƙarasa aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyen don magani ko rigakafi. Akwai kuma babban haɗari: ƙwayar cutar da ta sha magani kaɗan ba ta mutu ba takan saba da shi. An riga an ga haka a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Idan ya iso nan, mun koma halin da muka shiga lokacin da kulorokwin ya gaza.

Tarar ciwo kafin ya zo, wanda mutanen Sin suka yi ta nanatawa, yau muna da shi a ƙofar gida. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata cikin damina, kuma Jihar Jigawa na cikin jihohin da ake yin haka. Ma'aikata na bi gida-gida. Su ne ke ba da na ranar farko, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. A nan ne aikin yakan lalace. Uwa tana gona, ko yaro ya tofar saboda ɗaci, ko a ajiye ragowar don ranar da wani zai kwanta. A gwaje-gwajen da aka yi, rigakafin ya hana kusan kashi 75 cikin 100 na zazzaɓin, amma ga yaran da suka sha duka kwana ukun ne. Zumuntar mata za ta iya ɗaukar nauyin tunatar da juna, a kuma sa shi cikin sanarwar ranar Lahadi a makon da ake rabo.

Wani abin da ya kamata mu faɗa a fili: zazzaɓi yana zuwa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi a taki da 'yan ƙwadago, hanya kuma ta lalace. Gidan da ya ware ɗan kuɗin babur da na magani tun kaka ba zai kwana yana jiran gari ya waye a sayar da akuya ba. Gidan sauro ma a duba shi a ɗinke tun watan Mayu, mai ciki kuma ta fara zuwa awo da wuri don ta karɓi nata rigakafin.

Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar. Gwajin ba ya wuce minti 20, kuma ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Idan an ba da Coartem, sau 6 ake sha cikin kwana 3, tare da nono ko abinci mai ɗan mai, a kuma shanye duka ko da yaro ya tashi yana wasa. Amma yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da kome, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ya wuce ƙwaya. Allura yake bukata, wani lokaci har da ƙarin jini. A nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, su za su san ko a tura shi Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.