Sashen A a lise: abin da ya kamata iyaye su sani

Idan ɗanku ko ɗiyarku ta samu BEPC, zaɓi biyu ne a gabanta a ajin farko na lise: sashen C na lissafi da kimiyya, ko sashen A na harsuna da ilimin zaman jama'a. Iyaye da yawa na ɗaukan sashen A a matsayin mafakar raggo. Wannan kuskure ne.

A sashen A, faransanci, tarihi, labarin ƙasa da falsafa su ke da nauyi a jarrabawar bak. Ban da ingilishi, ɗalibi na ɗaukan harshe na biyu, kamar larabci ko sifaniyanci, gwargwadon malaman da lisen ke da su. Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe wajen 20, kuma yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mai bak A na iya karatun tarihi ko ilimin zaman jama'a a jami'ar Yamai ko ta Damagaram, ko shari'a a Tawa. Amma aikin likita da injiniya na buƙatar bak na kimiyya. Saboda haka, kafin ku yanke shawara, ku duba makin yaron, ku tambayi malamansa, ku kuma saurari burinsa.