Me ya sa ake farautar tsofaffin faya-fayan jaz da ba su yi kasuwa ba a zamaninsu?

Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, sun nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, yayin da na CD ya tsaya a miliyan 33. Rabon da garmaho ya sha gaban CD tun 1987. Akasarin abin da aka saya na fitattun mawaƙa ne. Amma a gefen kasuwar akwai wasu masu saye da ba ruwansu da fitattu. Su abin da suke nema shi ne faifan wani mawaƙi da ya zauna gaban piyano a falon otal shekaru sittin da suka wuce, ya rera waƙoƙin da ya tsara da kansa, sannan duniya ta manta da shi.

Wane irin kiɗa ne wannan?

A shekarun 1950 da 1960, otal-otal da gidajen cin abinci na New York da Paris da Landan suna da ƙananan falo inda mutane kan zauna da dare. Wurin bai isa ya ɗauki babbar ƙungiyar makaɗa ba. Mutum uku sun wadatar: mai piyano wanda shi ne mawaƙin, da mai babban gurmin Turawa, da mai ganga da ke shafa ta a hankali don kada ya danne murya. Mawaƙin ba ya ɗaga murya, domin wanda ya fi kowa nisa da shi bai wuce taku goma ba.

Fasaha ma ta taimaka. Tsohon faifai ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a kowane gefe. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti ashirin a gefe guda, har ya zamana mutum na iya tafiya gida da hirar dare sukutum a hammatarsa.

Yadda suka ɓace

Zuwan kiɗan rok, musamman bayan ƙungiyar Beatles ta shiga Amurka a 1964, ya janye matasa da kuɗinsu. Manyan kamfanoni suka bi kasuwa, mawaƙan falo suka koma hannun ƙananan kamfanoni marasa ƙarfin talla.

Bobby Cole na cikinsu. Ya yi wasa a Jilly's, wurin da Frank Sinatra ya saba zama a New York, ya kuma yi aiki da Judy Garland. A shekarun 1960 ya fitar da faifai mai suna A Point of View, cike da waƙoƙin da ya rubuta da kansa, a wani ƙaramin kamfani. Faifan bai je ko'ina ba. Cole ya rasu a 1996, kuma sai bayan shekaru masu yawa da fitowar faifan aka sake buga shi.

Wani lokacin kuma takarda ce ke kashe faifai. A 1962 Jimmy Scott ya naɗi Falling in Love Is Wonderful a kamfanin Ray Charles. Ba a jima da fitar da shi ba aka janye shi daga kasuwa, saboda kamfanin Savoy ya ce yana da yarjejeniya da mawaƙin. Scott ya koma Cleveland yana aikin otal da na asibiti. Sai a 1991, da ya yi waƙa a jana'izar abokinsa Doc Pomus, wani shugaban kamfani ya ji shi ya ɗauke shi.

Blossom Dearie ta bi wata hanya dabam. Ta je Paris a 1952, ta kafa ƙungiyar Blue Stars mai waƙa da Faransanci, ta koma Amurka ta yi wa kamfanin Verve faya-fayai. Da ta ga kasuwa ta juya, sai ta kafa kamfaninta, Daffodil, a farkon shekarun 1970. Ta ci gaba da waƙa a ƙananan ɗakuna na New York har ta haura shekara tamanin, ta rasu a 2009.

Abin da masu saurare ke ji a ciki

Na farko shi ne kusanci. An naɗi yawancin waɗannan faya-fayai cikin kwana ɗaya ko biyu, makaɗan duk suna ɗaki guda. Ana jin numfashin mawaƙi, ana jin inda murya ta ɗan karye. Kunnen da ya saba da waƙar da kwamfuta ta goge tas yakan ji kamar wani ne ya zauna kusa da shi yana ba shi labari.

Na biyu shi ne abin da waƙoƙin ke faɗa. Mawaƙin da ke rera wa manyan mutane waƙa da tsakar dare ba soyayyar ƙuruciya yake zance ba. Zancensa auren da ya mutu ne, da kaɗaicin babban birni, da burin da shekaru suka cinye, sau da yawa cikin zolaya da dariyar kai.

Na uku shi ne daɗin tsintuwa. A yau manhajar waya ce ke zaɓa wa mutum abin da zai ji. Wanda ya tono faifai daga kwalin gwanjo kuwa, shi ya samo abinsa. Shafin Discogs, da aka kafa a 2000, ya sauƙaƙa wa masu tarawa sanin wane faifai ne ya yi ƙaranci, kuma ƙarancin kan ɗaga farashi.

Masu jin Faransanci sun ga ƙarfin wannan salo a wurin Henri Salvador. An fi saninsa da waƙoƙin barkwanci, amma a 2000, yana da shekara 83, ya fitar da Chambre avec vue cikin murya mai sanyi, aka sayi sama da kwafi miliyan guda.

Farautar ta iso yankinmu

Masu tono ba su tsaya a Turai da Amurka ba. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan ogan a Yamai, kwafi kusan ɗari kacal, duk da cewa 'yan Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin na ƙasa. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a faifai a 2013, sunansa ya zagaya duniya yana raye. Francis Bebey na Kamaru, wanda ya riƙa naɗar waƙoƙinsa a gidansa da ke Paris, bai ga tasa dawowar ba: ya rasu a 2001, kamfanin Born Bad ya tattara ayyukansa a 2012.

Nan ne maganar ta shafi gidajen Garwa da Marwa da Njamena da Damagaram, inda faya-fayai da kaset-kaset na iyaye ke jibge a akwati. Zafi na lanƙwasa faifan garmaho, ƙura na cinye layukansa. Ana ajiye shi a tsaye, cikin rigarsa, nesa da rana da rufin kwano. Rigar ma dukiya ce, domin a jikinta ake samun sunayen makaɗa da na kamfani.

Idan mai saye ya zo, faifan kawai yake saye. Haƙƙin waƙar yana nan ga mawaƙi ko magadansa, kuma duk wanda zai sake buga ta sai ya nemi izininsu a rubuce. Ofisoshin kare haƙƙin mawallafa, irin su BNDA a Nijar da BUTDRA a Cadi, don haka aka kafa su. Kafin iyalin mawaƙi su sa hannu a kowace takarda, ya kamata su san kwafi nawa za a buga, na tsawon wane lokaci, da kuma kaso nawa zai dawo gida.