Kafin Kwamitin Makaranta Ya Sayi Kati Da Sabon Faifai Don Tsohuwar Kwamfuta

Masu karatu ba za su manta da watan Fabrairu na shekarar 2018 ba, lokacin da hoton Malam Richard Appiah Akoto na makarantar Betenase da ke yankin Asante ya zagaya duniya, yana zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo saboda ɗalibansa ba su da kwamfutar da za su gani da ido. Mu malaman zango ba mu yi mamakin wannan hoto ba, domin kuwa halin da yawancinmu muke ciki ke nan. Yaro zai zauna jarrabawar BECE a tambaye shi aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, alhali bai taɓa ɗora hannunsa a kanta ba.

Wannan ne ya sa kwamitocin makarantunmu suke komawa ga kwamfutocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, musamman manyan nan masu nauyi waɗanda aka ƙera domin injiniyoyi da masu zanen gine-gine, irin su HP Z420 da Dell Precision T3600, dukansu na shekarar 2012. Na'urori ne masu ƙwari da juriya. Abin da yake jan ƙafarsu shi ne faifan ajiya irin na da, wanda faranti ke juyawa a cikinsa sau 7,200 a minti guda, allura kuma tana bi tana neman abin da aka rubuta. Sai ka ga darasin minti arba'in, an cinye kashi mai tsoka ana jiran na'ura ta tashi.

Maganin wannan jinkiri shi ne faifan SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Iri biyu ne ake yawan samu a kasuwa. Akwai mai amfani da wayar SATA, irin wadda tsohon faifan ke amfani da ita, gudunsa bai wuce wajen megabait 550 a daƙiƙa ba. Akwai kuma na NVMe, ɗan siriri mai tsawon yatsa, wanda zai iya kaiwa wajen 3,500 a gurbin PCIe zubi na uku. Su tsofaffin na'urorin ba su da mazaunin wannan ɗan siriri, saboda haka ake sayen wani kati mai araha, a ɗaura faifan a kansa, a soka shi a ɗaya daga cikin dogayen guraben da ke jikin babban allon kwamfutar, kusa da katin hoto.

To, a nan ne mu muka yi tuntuɓe a tamu makarantar. Iyaye suka haɗa kuɗi, muka sayo kati da faifai, aka soka, aka zuba Windows, har na'ura ta nuna ta ga faifan. Da muka cire tsohon faifai muka sake kunnawa, sai ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba. Mun zaci an sayar mana da jabu, har muka kusa ɓatawa da mai shago, ashe bawan Allah ba shi da laifi ko kaɗan.

Ga yadda abin yake. Idan aka kunna kwamfuta, kafin Windows ko Linux su karɓi ragama, akwai wani ɗan shiri da ke zaune a jikin babban allon, ana kiransa BIOS, sabon salonsa kuma UEFI. Aikinsa shi ne ya nemo faifan da za a tashi daga gare shi. Shi kuwa tsarin NVMe a shekarar 2011 aka fitar da ƙa'idojinsa na farko, kuma sai wajen 2014 da 2015 kamfanoni suka soma sa iliminsa cikin wannan ɗan shiri. Alal misali, Z440 da ta gaji Z420 a 2014 tana tashi daga irin wannan faifai. Na'urar 2012 kuwa kamar mai gadi ne wanda ba ya jin harshen baƙo: idan maigida ya farka zai gane shi su gaisa, amma mai gadin ba zai buɗe masa ƙofa ba. Shi ya sa Windows ke ganin faifan bayan ta tashi, amma ba a iya tashi daga kansa.

Hanyoyi huɗu muka sani na fita daga wannan matsala. Ta farko, wadda muka bi, ita ce a ɗauki ɗan filashi a sa masa wani shiri na kyauta mai suna Clover tare da direban NVMe, a bar shi a jikin na'urar koyaushe. Kwamfuta za ta tashi daga filashin, shi kuma ya miƙa ta ga faifan da ke kan kati. Sai dai dole ne a zuba Windows ɗin bisa tsarin UEFI, a kuma tsara faifan da salon GPT. Wasu daga cikin waɗannan na'urori suna da ramin USB a ciki, kuma can ya kamata a ɓoye filashin, don mun san hannun yaranmu.

Ta biyu ta masu Linux ce. Ana ajiye ɗan ɓangaren tashi a ƙaramin faifan SATA, sauran tsarin duka a kan NVMe. Linux ta san wannan faifai tun 2012. Ita kuwa Windows sai daga zubin 8.1 na 2013 ta zo da direbansa, saboda haka mai Windows 7 sai ya yi ƙarin aiki.

Ta uku ita ce a nemi faifan da ya zo da nasa ɗan tafinta a ciki, kamar Samsung 950 Pro na 2015, wanda tsofaffin na'urori da dama suke iya tashi daga kansa. Amma an daina ƙera shi, wanda za a samu yanzu kwance ne, kuma ba a san irin wahalar da ya sha ba.

Ta huɗu ita ce a yi wa BIOS ɗin kansa kwaskwarima a cusa masa direban. Wannan muna jan kunnen jama'a a kanta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, kuma mun san dumsor ba ya sallama, na'urar za ta iya mutuwa gaba ɗaya, a yi asarar kuɗin iyaye.

Akwai kuma abubuwan lura wajen saye. Ba kowane ɗan siririn faifai ne NVMe ba, wasu SATA ne a cikin irin wannan siffa ta M.2, kuma ba za su yi aiki a katin PCIe na yau da kullum ba, don haka a karanta abin da ke rubuce a jikinsa. Katin da ke ɗaukar faifai biyu ko huɗu yana bukatar allon da zai iya raba gurbin, abin da yawancin tsofaffin na'urori ba sa yi, sai a ga faifai ɗaya tak. Faifan kuma yana ɗaukar zafi, ya rage gudu, saboda haka a sayi kati mai ƙarfen sanyaya, a riƙa busa ƙura lokacin hunturu.

Yanzu ga shawarar da muka so a ce wani ya ba mu tun farko. Idan aikin bai wuce koyon bugun rubutu da lissafi da shiga intanet ba, faifan SSD na SATA ya wadatar. A cire tsoho a sa sabo, babu kati babu filashi, kuma yaro ba zai ji wani bambanci na a zo a gani tsakaninsa da NVMe ba, domin babban tsallen yana wurin barin faifai mai juyawa ne. Katin ya fi dacewa da mai haɗa bidiyon bukukuwa ko mai ɗab'i, wanda ke jigilar manyan fayiloli. A kuma tuna Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma na'urorin 2012 ba sa cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, saboda haka ya dace malamai su fara sabawa da Linux.

Kuɗin da mai koko da mai tura amalanke suka tsakuro daga guminsu amana ce a wuyan kwamiti. Kafin a saya a rubuta lambar na'urar, a tambayi wanda ya sani, a gwada a kan guda ɗaya tukuna. Tambaya, in ji magabata, rabin ilimi ce. Allah ya sa mu dace, ya kuma yi wa yaranmu albarka, amin.